Shekarar da Uba Ya Dawo daga Kurmi

Uba ya yi shekara ashirin da 'yan kai yana tuƙa tankar mai tsakanin Fatakwal da Legas. Gidansa na Bebeji sai da sallah yake ganinsa, wata shekarar ma sallar kan same shi a hanya. Da idonsa na hagu ya fara hazo, likita ya ce ya haƙura da babbar mota, sai ya miƙa makulli, ya sayi wata tsohuwar ƙaramar mota a hannun abokin aikinsa, ya ɗaure katifa da akwati a samanta, ya nufo gida. Farkon bazara ya iso.

Matarsa Saudatu ce ta riƙe gidan duk tsawon shekarun nan. Ɗansu na fari, Tasi'u, ya zama saurayi, yana noman rani da ruwan Tiga. 'Yarsu Muhsina tana sakandare. An yi masa maraba yadda aka saba, aka yanka kaza, maƙwabta suka shigo yi masa sannu da zuwa. Amma da mako ya zagayo, 'yan sannu suka ɗauke ƙafa, sai Uba ya fara lura da wani abu. In yana zaure yakan jiyo hira da dariya daga tsakar gida. Da ya yi sallama ya shiga, sai Muhsina ta gyara ɗankwali ta sunkuyar da kai, Tasi'u ya miƙe ya ba shi kujera ya fita. Ba wanda ya raina shi. Ladabi ne tsantsa, irin wanda ake yi wa baƙo mai daraja. In Tasi'u zai sayi taki, uwarsa yake shawarta. In an aiko da sanarwar biki ko rasuwa, cewa ake yi a gaya wa Saudatu.

Majalisar ƙofar masallaci ma haka. Ana ta maganar wane da wane, shi kuwa iyayensu ya sani, su bai san su ba. Yakan yi murmushi inda aka yi dariya, can ya sa takalmi ya tashi.

Wata safiya Saudatu tana dama koko, ya ce mata, "Bana ina so mu yi zumunci. Ga mota. Duk inda muke da dangi mu je, ni da ke da yaran nan."

Ta ɗago ta dube shi. "Malam, ai muna zuwa."

"Kuna zuwa. Ni ne ban je ba."

Ta ci gaba da damunta, ta ce to, Allah ya kai mu.

Kafin a fara da dangi ya ce su je bakin ruwan Tiga su sha iska, don zafi ya tsananta. Saudatu ta shimfiɗa tabarma a gindin wata bishiya da kular dambu a gefenta, ta ce ita ba ta shiga ruwa. Uba ya yi magana da wani masunci mai suna Ghali, ya yarda zai zaga da su a kwalekwalensa. Suka shiga shi da yaran. Muhsina ta ƙanƙame gefen jirgin da hannu biyu, sai da suka yi nisa, iska mai sanyi ta buso, sannan ta saki jiki tana nuna balbelu a kan wani tsibiri. Uba ya ji daɗin ganinta haka.

Ghali yana tuƙi yana kallon Tasi'u, sai ya yi dariya. "Yau kai ne a jirgina da gemu. Ran da na tsamo ka can wajen duwatsun nan ko motsi ba ka yi. Sai da muka kife ka muna danna maka baya ruwan ya fito."

Tasi'u ya kawar da kai.

Uba ya ce, "Yaushe aka yi haka?"

"Ai an daɗe, Alhaji. Yana yaro, sun zo wanka da abokansa. Uwarsa ta yi kwana da kwanaki da shi a asibiti. Kai ne kawun nasa?"

"Mahaifinsa ne."

Ghali ya ce, "Allah sarki," ya mai da hankali kan filafilinsa. Suka koma gaɓa.

Da yaran suka tafi sayen soyayyen kifi, Uba ya zauna a gefen tabarmar ya tambayi Saudatu dalilin da ya sa ba ta gaya masa ba.

Ta ce, "Kana kan hanya da tanka cike da fetur. In na gaya maka hankalinka ya tashi, me zai faru? Da ka zo da sallah kuma yaron nan ya warke, na ga tonawar ba ta da amfani."

"Akwai wasu irin wannan?"

Ta daɗe tana gyara murfin kula. "Malam, shekara ashirin fa. Akwai mana."

Bai tambaye ta ko mene ne ba, ita ma ba ta ƙara ba. Ya ci dambun, amma bai ji ɗanɗanonsa ba.

Bayan babbar sallah, an fara yayyafi, suka tafi Dangora wurin Baffa Badamasi, ƙanen mahaifinsa, wanda shi kaɗai ya rage a cikin iyayensa maza. Uba ya cika bayan mota da shinkafa da man gyaɗa da yadi. Da suka tsaya a ƙofar gida, yara suka fito a guje suna kiran sunan Muhsina, mata suka ja Saudatu ciki, Tasi'u ya bi samarin gidan gona. Shi kuma aka share masa ɗakin zaure, aka shimfiɗa sabuwar darduma, aka kawo tuwo da miyar kaza a kwanon da ba a taɓa ci a cikinsa ba, aka ja masa ƙofa don ya ci a sake. Yana ci shi kaɗai yana jiyo muryar Saudatu daga ciki, tana kiran jikokin gidan ɗaya bayan ɗaya da sunayensu.

Baffa ya fito da sandarsa bayan azahar. Uba ya durƙusa ya gaishe shi. Tsohon ya sa masa albarka, ya tambayi hanya, ya tambayi mutanen Kurmi, sannan ya ce, "Yaushe za ka koma?"

"Na dawo ke nan, Baffa. Na bar aikin."

"To, madalla. Gida ya fi." Ya gyara zama. "Yarinyar nan taka Saudatu, Allah ya yi mata albarka. Lokacin da na kwanta ciwon ƙafa, ita ta zo ta yi jinyata. Ran da aka rufe Halima kuma ita ta tsaya a kan komai."

Halima matar Baffa ce, ita ta goya Uba yana jariri. Da ta rasu yana Legas, ta waya ya yi gaisuwa. Ya sunkuyar da kai ya yi mata addu'a.

Da la'asar ya ɗauki mota shi kaɗai ya bi hanyar Ɗansoshiya, yana son ganin gonar da ya yi noma da mahaifinsa yana yaro. Ya wuce wurin ya dawo har sau biyu bai gane ba. Ɗorawar da yake kwatance da ita an sare ta, an yi gidaje a inda da fadama ce. Wani mutum da ke ɗaure huɗa ya tambaye shi wa yake nema. Ya faɗi sunan mahaifinsa. Mutumin ya yi tunani, ya ce gaskiya bai riske shi ba.

Da za su tafi washegari, Baffa ya raka su har bakin mota, ya riƙe hannun Uba ya ce, "Allah ya kai ka lafiya. Ka gaida mutanen Kurmi." Uba ya ce za su ji.

Tsakiyar damina aka yi suna a gidan ƙanwar Saudatu, a wani ƙauye bayan Tudun Wada. Daga kwalta sai a bi hanyar burji ta tsakiyar gonakin shinkafa. An kwana ana ruwa. Tasi'u ya ce, "Baba, da mun bar motar a gari mun hau babur." Uba ya ce ya bi hanyoyin da suka fi wannan muni da mota mai ƙafa goma sha takwas. Ba su yi nisa ba ƙafar baya ta nutse a laka. Ya taka, ta ƙara nutsewa.

Tasi'u ya naɗe wando ya fita, Saudatu ta ɗaure mayafinta a ƙugu ta bi shi, Muhsina ma ta cire takalmi. Uba ya ce matan su koma gefe, Saudatu ta ce, "Ai ba yau muka fara ba. Kai dai riƙe sitiyari." Suka cusa karan dawa da duwatsu a ƙarƙashin tayar, suka dafa bayan mota. Ya taka, taya ta juya, ta watsa musu laka tun daga kai har ƙafa, sannan motar ta fita.

Ya tsaya a kan tudu ya duba madubi. Su uku suna tsaye a tsakiyar hanya, kowa ya koma ja kamar tukunya, suna dariya har Saudatu tana dafa kafaɗar Muhsina don kada ta faɗi. Muhsina ta ce, "Umma, kamar ranar akuyar Inna Fatima," sai dariyar ta ƙaru, Tasi'u har da durƙusawa. Uba bai san Inna Fatima ba, balle akuyarta. Ya dubi farar rigarsa, ko ɗigon laka babu. Da suka shigo mota ya so ya tambayi labarin, amma kafin ya buɗe baki dariyar ta riga ta lafa, Muhsina tana ba shi haƙuri sun ɓata masa kujera.

Tafiya ta ƙarshe sai da kaka, zuwa Doguwa, wurin yayarsa Yalwa. Uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, ta girme shi sosai, aure ya kai ta can tun yana ƙarami. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta maza suna Kaduna da Abuja, matan suna gidajen mazajensu. Suka fita da hantsi don su ratsa dajin Falgore da rana tsaka. A cikin dajin wani garken birai ya tsallaka titi, uwa da ɗa maƙale a cikinta, Uba ya rage gudu Muhsina ta ɗauke su hoto a waya. Daga nan ƙasa ta fara tudu da gangare, duwatsu suka bayyana, ko'ina masara a tsaye ta bushe.

Yaya Yalwa tana zaune a tsakar gida tana ɓarar masara. Gidan babba ne, ɗakuna a jere, duk a kulle sai ɗaya. Ba ta sa an share masa zaure ba. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Uba, ka tsufa." Ta tura masa kujerar tsuguno da ƙafa, ta miƙa masa masara guda. Ya zauna ya kama ɓara, babban yatsansa ya fara zafi tun kafin ya gama ta biyu.

Washegari yaran suka ce za su hau dutsen da ke bayan gari. Saudatu ta ce ta taɓa hawa da su wani zuwa, ba wuya. Uba ya bi su. Hanyar ta bi ta cikin ciyawa mai tsawo, sannan ta miƙe sama a kan falalen dutse. Shekarun da ya yi a zaune kan kujerar mota suka fito masa a gwiwa da ƙirji. Da suka kai rabi ya ce su ci gaba, zai huta. Tasi'u ya ce zai tsaya da shi, ya ce a'a, ya je ya kula da uwarsa.

Ya zauna a inuwar wata ƙirya. Daga nan yana ganin garin gaba ɗaya, da rugar Fulani a can gefe, shanu suna gangarawa rafi. Can sama ya hango su ukun sun zama ƙanana, Tasi'u yana miƙa wa uwarsa hannu, Muhsina tana gaba. Da suka kai ƙoli suka juyo suna ɗaga masa hannu. Ya ɗaga musu. Iska tana kawo muryarsu amma ba ta kawo maganar. Ya tuna yadda yakan kwanta a ƙarƙashin tanka a garejin Fatakwal yana tunanin ranar da zai dawo gida ya zauna cikin iyalinsa. A lokacin yana da wurin da yake kewa. Yanzu ga shi ya dawo, kewar ba ta tafi ba, kuma bai san inda zai nufa da ita ba.

Da yamma Saudatu da Muhsina suka shiga maƙwabta gaisuwa, Tasi'u ya tafi kallon ƙwallo. Ya rage daga shi sai Yaya Yalwa da tarin masara. Ba ta tambaye shi komai ba, shi ne ya fara. Ya ba ta labarin Tiga, da na Dangora, da na laka. Ya ce, "Yaya, duk inda na je an karrama ni. Amma ko a gidana, in na shiga sai a yi shiru."

Ta ci gaba da ɓara. "To da me kake so su yi? Ka zo da mota, ka sauke buhu, ka kwana ɗaya, ka tafi. Haka ka saba musu tun suna goye. Bana ma abin da ka yi ke nan, sai dai ka ƙara yawan gidajen."

"Zumunci na fito yi."

"Na sani. Nawa ma haka suke yi mini. Su zo da sallah da kaya niƙi-niƙi, jikokina su gaishe ni da Hausar da ba ta nuna ba, kafin in gane wane ne wane sun shiga mota." Ta nuna ɗakunan da haɓa. "Kowane ɗaki da mai shi. Ina share su duk Juma'a."

Ya dubi ƙofofin. Bai taɓa tunanin yadda take kwana ita kaɗai a gidan nan ba. A waya kullum cewa take yi lafiya lau.

Ta ce, "Ni ba ni da maganin abin da ke damunka. Amma sauran masarata tana gona, masu karya sun yi mini alkawari sun saɓa. In ba ka da abin yi a Bebeji, ga aiki."

Da ya gaya wa Saudatu zai zauna, ta ce hakan ya yi kyau, Yaya tana bukatar mutum. Ya so a ce ta nuna ko 'yar damuwa. Ya kai su tasha da safe, don Muhsina za ta koma makaranta, Tasi'u kuma zai fara gyaran fili. Ya tsaya har motarsu ta sha kwana.

Ya yi kusan wata guda a Doguwa. Da safe ya tafi gona da wasu mutum biyu da ya samo, su karya masara, ya yi ta jigila da motarsa har kujerar baya. Hannunsa ya yi kanta, ya fashe, ya warke. Da yamma su zauna da Yaya suna ɓara. Wani lokaci ta ba shi labarin iyayensu, wani lokaci su yi shiru har a kira magariba. Ita ce ta ba shi labarin akuyar Inna Fatima, wata maƙwabciyar su Saudatu a Bebeji, wadda akuyarta ta faɗa kududdufi, Saudatu da yaran suka taru su uku suna ja, igiya ta tsinke suka zube a ciki. Labarin bai kai dariyar da aka yi masa ba, amma Uba ya yi dariya har da hawaye. Mutanen unguwa suka daina ce masa Alhaji, suka koma ce masa ƙanen Yalwa. Ran nan aka yi rasuwa a maƙwabta, wani ya leƙo ya ce ya zo da motarsa a ɗauko 'yan'uwan mamacin daga ƙauye, ko sannu da zuwa bai yi masa ba.

Saudatu takan kira bayan kwana biyu ta tambayi lafiyarsu, ta ce yara suna gaishe shi. Yaran ba su kira ba.

Da aka zuba masara a rumbu, ya ce zai tafi. Yaya ta ƙulla masa daddawa da kuka, ta raka shi ƙofar gida. Ta ce, "In za ka dawo kada ka jira sallah. Kuma kada ka kawo mini komai." Da ya tayar da mota ya ga ta juya ciki tun kafin ya motsa.

Ya iso Bebeji bayan azahar, bai gaya wa kowa yana tafe ba. Gidan a rufe, Saudatu ta tafi barka, Muhsina ba ta taso daga makaranta ba. Makullin yana wurin maƙwabta, amma bai san wane gida ba. Ya zauna a dakalin ƙofar gidansa da ƙullin daddawa a gefe, yana kallon masu wucewa.

Can sai ga Tasi'u a kan babur, jikinsa duk baƙin mai. Ya sauka ya durƙusa ya gaishe shi, ya karɓo makulli a gidan da ke kallon nasu, ya buɗe. Ya shigar da kayan, ya fito, ya tsaya yana juya hular kwano a hannu kamar mai son tafiya.

Uba ya ce, "Me ya samu hannunka?"

"Injin ban-ruwa ne, Baba. Tun jiya yake tashi ya mutu. Na kwance shi ban ga komai ba, ga tumatir yana jiran ruwa." Ya ƙara da cewa, "Da zan kai wa Aminu makanike ne."

"In ya tashi, hayaƙi yake yi baƙi ko fari?"

"Baƙi."

Uba ya miƙe, gwiwarsa ta yi ƙara. Ya buɗe bayan mota ya ɗauko jakar sifanunsa. "Mu je in gani. In ya gagare ni sai a kai wa Aminun."

Tasi'u ya dubi motar, ya ce hanyar fadamar ba ta biyuwa sai da babur. Uba ya hau bayansa, ya rungume jakar a ƙirji. Suka fita daga gari. Da suka kai wani gangare mai yashi, Tasi'u ya rage gudu ya ce, "Baba, ka riƙe ni, wurin nan yana da santsi." Uba ya dafa kafaɗarsa, suka gangara.